Kurakuran masu tsara rumfa da sutura a kwamfuta

Duk alhajin da ya sauka a Jidda ya zauna ƙarƙashin farar rumfar nan ta tashar alhazai, wadda aka gama a 1981. Tantuna 210 ne na zaren gilashi da aka shafe da Teflon, wani nau'in roba mai hana ruwa shiga. Matsalar da masu ginin suka fuskanta ita ce ta tela: yadi a miƙe yake, jikin da za a lulluɓe kuma a lanƙwashe. Masu koyon manhajojin zane irin su Rhino da Grasshopper ko CLO3D a nan suka fi tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne a zana siffa mai tudu kamar ƙwarya, a ce wa manhaja ta shimfiɗe ta yanki guda. Gwada baje ɓawon lemu a kan tebur, sai ya tsage. Masanin lissafi Gauss ya tabbatar da wannan da lissafi tun 1827. Gyaran shi ne a raba siffar gida-gida, kuma kai za ka zaɓi inda ɗinki zai bi, kamar yadda tela ke tsuke riga a ƙugu. Kada ka bar wa kwamfuta wannan shawara.

Sai mantawa da hanyar zare. Yadin saƙa ba ya miƙewa sosai ta zaren tsaye, amma ja shi a karkace ka ga yadda zai saki. Manhaja kuwa, muddin ba ka gaya mata ba, tana iya ɗaukar kowane ɓangare ɗaya ne. Yanki ƙyalle, ka yi masa alama, ka rataya masa nauyi ta tsaye, ta kwance, da ta karkace, ka auna, ka shigar da abin da ka samu. Wannan aikin yini guda ne, kuma ni ban yarda da tsarin da aka tsallake shi ba.

A rumfa, yanka yadi daidai awon zane ma kuskure ne. Ana rage shi kaɗan don ya ɗame in an ja. In ba haka ba ruwan sama zai kwanta a kai. A kuma bar rarar ɗinki, a duba faɗin bandir kafin a zana.

Abin da ya fi damuna shi ne raina gwajin hannu. Frei Otto, mai rumfar filin Olamfik na Munich ta 1972, da kumfar sabulu yake neman siffa. A 2018 ofishin zanen gine-gine na Zaha Hadid da masana jami'ar ETH ta Zurich suka saƙa yadin wata rumfar kankare mai suna KnitCandela da injin saƙa, suka kai ta birnin Meziko cikin akwatunan tafiya. Saƙar kilo 25 ce, amma da taimakon wayoyin ƙarfe ta ɗauki kankare tan 5. Kafin su kai nan sai da masanan ETH suka gwada dabarar a ƙaramar gada. Kai ma ɗinka ƙaramin samfuri da yadi mai araha kafin ka sa almakashi a shadda.