Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da "worry" a Turanci

Yawancin tuntuɓen da ɗalibanmu ke yi da "worry" daga kalmarmu ta "damu" yake tasowa. Damu tana da faɗi, tana ɗaukar zullumi da takurawa da kulawa duka. "Worry" kuwa galibi zullumi ne, wato fargabar kada wani mugun abu ya faru.

Ɗauki "ban damu ba". Malami ya tambayi ɗalibi, gaba zai zauna ko baya? Sai ya amsa da "I don't worry". Abin da ya kamata ya ce shi ne "I don't mind". Akwai kuma "I don't care", amma tana da kaushi, ba a faɗa wa babba ita. Haka "na damu da ke". Saurayin da ya rubuta "I worry about you" ya gaya wa budurwarsa yana tsoron kada wani abu ya same ta ne. In ƙauna yake nufi, "I care about you" zai ce.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na rashin lafiya, domin a nan kuskure na iya jawo matsala. A asibitocinmu kowa ya gane "ulcer is worrying me", amma likita a Ingila zai iya ɗauka tunanin cutar ne ke hana ka barci. Ka ce "I have an ulcer". Yaron da ya ishe ka da surutu kuma, "stop bothering me" za ka ce masa.

Sai nahawu. Babu "I am worry" a Turanci. "I am worried" halin da kake ciki ne yanzu, "I worry" kuma ɗabi'arka ce ta kullum. Mutum shi ne "worried", labarin da ya tayar masa da hankali shi ne "worrying". Sannan "da" ɗinmu yakan ja mu zuwa "with", alhali galibi "about" ce ke biyo baya: "She is worried about her son".

A rubutu, "y" takan koma "i" a "worries" da "worried", amma tana nan daram a "worrying". Mai duba takardar WAEC ba ya ɗaga ƙafa a kan "worryed".