Yadda za ka rage asarar kuɗi a kiran kolet a Amurka, musamman in naka ne a tsare

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Amurka da masu 'yan uwa a can. Shekarun baya an tsare ɗan yayata na wasu makonni a wani gidan yari na gunduma, kuma abin da ya fi tsaya min a rai daga wannan lokacin shi ne waya. Duk sanda wayar Yaya ta yi ƙara sai ka ga hannunta na rawa, murya ta na'ura tana magana da Turanci, ita kuwa ba ta ma jira a gama, da ta ji yaron ya faɗi sunansa sai ta danna lambar amincewa, uwa ce, wa zai ce mata ta tsaya tambayar farashi? Sai da wata ya ƙare muka zauna da takardar banki muka ga abin da ya fita ya kai kuɗin cefanen gidan. Daga nan na shiga bin diddigin abin, kuma ga abin da na koya.

Kiran kolet shi ne kiran da wanda aka kira ke biya, ba mai kira ba. Ba irin filashin ɗin da muka saba a gida ba ne da za ka ga lamba ka kira da kanka a farashin da ka sani, a nan da zarar ka amince mita ta fara juyawa a kanka, kuma kamfanin da ke caji ba kai ka zaɓe shi ba. A gidan yari hukumar gidan ce ke ba kamfani ɗaya kwangila, manyansu su ne Securus da GTL wanda yanzu ake kira ViaPath, kuma a baya an shafe shekara da shekaru kamfanonin na ba hukumomin kamasho daga kuɗin kiran, wato wanda ya fi alkawarin kamasho mai tsoka shi ke cin kwangila, iyalai kuma su ke biya. Kafin 2013 kiran minti 15 daga wata jiha zuwa wata yana iya kaiwa dala 17.

Abu na farko dai, ka bar muryar na'urar ta gama magana. Na san da wuya. Amma a cikin wannan saƙon ne ake faɗin sunan gidan da aka kira daga ciki, sunan kamfanin, da lambar da za ka danna ka ji nawa ne minti ɗaya, kuma haƙƙinka ne a gaya maka farashi kafin a haɗa ku. Ka ajiye biro da ɗan littafi kusa da waya, ka rubuta sunan kamfani da ranar da lokacin da farashin da aka faɗa. Inda aka fi cutar mutane shi ne kiran farko, lokacin da ba ka da akawun a wajensu, sai muryar ta ce ka saka lambar katin banki yanzu-yanzu a haɗa ka da shi, wannan kira guda ɗaya akwai lokacin da ake cajin kusan dala 15 a kansa. In ba makawa ka amsa sau ɗaya, ka tambaye shi lafiyarsa da sunan gidan da lambar da aka ba shi a ciki, ka ce masa ya jira zuwa gobe ka buɗe akawun. Kar ka bari hanyar nan ta zama ita ce ta kullum, mu nan muka fi yin asara.

Na biyu ka tabbatar naka ne ke kira. Akwai 'yan damfara da ke kiran kolet su ce wani naka ya yi hatsari ko an kama shi, sai su ce ka danna *72 da wata lamba don ka yi magana da jami'i. Kar ka danna fa. A layuka da yawa wannan lambar ta karkatar da kira ce, da ka danna layinka ya koma hannun wani, zai riƙa karɓar kiran kolet kai kana biya. In hukumar shige da fice ta ICE ce ta tsare mutum, tana da shafin neman wanda aka tsare a intanet, kana saka lambarsa mai farawa da harafin A tare da ƙasar haihuwa, gidajen yarin tarayya ma suna da irin wannan shafin, gundumomi da dama ma haka.

Sai buɗe akawun na biya-kafin-kira, wanda shi ne ainihin maganin. Ka shiga shafin gidan yarin da kansa ka ga wane kamfani ne, kar ka bi duk tallar da ta fito maka a Google. Ka yi rajista da lambar wayar da za a riƙa kira, ka zuba kuɗi, daga nan kowane minti a farashin da aka ƙayyade zai riƙa fita. Ka lura da kuɗin zubawa, don nan ma wata ƙofa ce ta zurarewa, a dokar da hukumar sadarwa ta FCC ta yi a 2015 an yarda su caji har dala 3 in ka biya ta na'ura ko intanet, dala 5.95 in mutum ne ya amsa maka, to in har ana cajin irin wannan kuɗin ka ga mai zuba dala 10 sau biyar ya fi mai zuba dala 50 sau ɗaya asara nesa ba kusa ba. Kafin ka danna biya ka duba jimillar da aka nuna maka, ka ɗauki hoton allon, rasit ɗin da ya shigo imel kuma kar ka goge.

Ga 'yan uwa da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi, kiran ƙasar waje ya fi tsada kuma wani gidan ma ba ya barin a yi shi cikin sauƙi. Abin da muka yi mu, mutum ɗaya a nan ke karɓar kira, in an gama ya aika wa mutanen gida saƙon murya ta WhatsApp. Kuma don Allah kar a ce za a haɗa kira mutum uku don Hajiya ta ji muryarsa, na'urarsu tana ganewa, za a yanke kiran kuɗin ya tafi, wani lokacin har a toshe lambarka ko a hukunta shi a ciki. Sannan ana naɗar duk abin da kuka faɗa, Hausa ba ta ɓoye komai don akwai masu fassara, maganar shari'a a bar wa lauya.

Ka kuma bincika ko a inda yake ma kiran kyauta ne, mutane da yawa ba su sani ba. Birnin New York ya mayar da kira daga gidajen yarinsa kyauta a 2019, jihar Connecticut ta yi doka a 2021 ta zama jiha ta farko, California da Minnesota da Massachusetts suka biyo baya a 2023. Amma dokar jiha wani lokacin gidajen yarin jiha kawai ta shafa ban da na gunduma, sai ka tambaya. Wanda ke hannun ICE kuma ƙa'idojinsu sun ba shi damar kiran ofishin jakadancin ƙasarsa da kotun shige da fice da wasu lauyoyin taimako ba tare da biya ba, ka tuna masa wannan.

Yanzu maganar duba bil. Ka zauna da littafin nan naka da jerin kiran da ke cikin akawun, ka ninka mintoci da farashin da aka faɗa maka, ka ga ko sun zo daidai. Ka nemi kiran da ya yanke bayan minti ɗaya ko biyu amma aka caje shi cikakke, da kiran da ba ka amsa ba, da wasu ƙananan caje-caje masu sunaye da ba ka gane ba. Ka sani akwai iyaka a doka, kuma ba daga sama ta faɗo ba. Wata dattijuwa ce a birnin Washington, Martha Wright, makauniya, jikanta yana gidan yari mai nisa, ba ta iya karanta wasiƙa ba ta iya doguwar tafiya, waya ce kaɗai ta haɗa su, kuɗin ya yi mata nauyi har ta shiga kotu a 2000, a 2003 aka kai kukan gaban FCC, sai da aka yi shekara goma kafin hukumar a 2013 ta sa iyakar sent 25 a minti ga kiran kolet tsakanin jihohi da sent 21 ga na biya-kafin-kira. Ta rasu a 2015. A Janairun 2023 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunanta, wadda ta ba FCC iko har kan kiran cikin jiha ɗaya da kiran bidiyo. A Yulin 2024 hukumar ta sauko da iyakar zuwa sent 6 a manyan gidajen yari har zuwa sent 12 a ƙanana sosai, ta kuma hana kamasho, amma a 2025 aka ɗage aiwatarwa aka sake ɗaga farashin. Shi ya sa nake cewa ka shiga shafin FCC ka ga adadin da ke aiki a ranar da kake lissafi, kar ka dogara da abin da wani ya gaya maka bara.

In ka ga an wuce gona da iri, fara da kamfanin. Ka kira su, ka faɗi ranar kira da lokacin da adadin, ka ce kana son a mayar maka, kuma kar ka ajiye waya sai an ba ka lambar ƙorafi, ka rubuta sunan wanda ya amsa. In Turancin bai zauna ba ka sa ɗanka ko wani amintacce kusa. Suka yi shiru ko suka ƙi, sai ka wuce FCC, shafinsu consumercomplaints.fcc.gov ko lambar 1-888-225-5322, ba a biyan ko sisi, za su tura wa kamfanin kuma dole ya ba da amsa a rubuce cikin kwana 30. Wallahi na ga bambancin yadda ake amsa mutum kafin wannan da bayansa. Kana iya kai kuka kuma ga hukumar kula da kamfanonin wuta da waya ta jiharka ko ofishin babban lauyan jiha. Idan da katin bashi ka biya, doka ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko takardar da cajin ya fito ka ƙalubalance shi a rubuce wajen bankin, kar ka bari lokacin ya wuce kana jiran kamfani. Na san wasunmu na tsoron duk wani fom mai neman suna da adireshi saboda maganar takardu, wannan tsoro ne mai dalili, to akawun ɗin tun farko a buɗe shi da sunan wanda hankalinsa ke kwance a gidan, shi ne zai shigar da ƙorafin.

A wajen gidan yari ma akwai kolet, ko da yake ya ragu tunda kowa na da salula. Wanda ya maƙale a filin jirgi ko otal ya kira ta wayar wurin, kamfanin da ke bayan wayar ne zai caji, kuma FCC ta daɗe tana gargaɗi cewa kuskuren harafi ɗaya wajen danna lambobin kolet na 1-800 kan kai mutum hannun wani kamfani daban mai tsada. In kana da wayar gida kuma tsofaffi ko yara ke ɗauka, ka kira kamfanin wayarka su toshe kiran kolet a layin gaba ɗaya.

Na ƙarshe, ranar da aka sake shi ko aka mayar da shi wani gida, a cikin murna ko ruɗani kar ka manta da sauran kuɗin da ke akawun. Naka ne. Kamfanin GTL sai da ya amince da sasanci na dala miliyan 67 a wata ƙara da aka shigar kan kwashe kuɗin akawun ɗin da aka daina amfani da su. Ka kira kamfanin a cikin wannan makon da ya fita, ka ce a rufe akawun a mayar maka da ragowar ta katin da ka biya da shi, ka karɓi lambar shaida, sannan ka riƙa duba banki har ka ga ya shigo. In kuma gidan da aka kai shi wani kamfani ne daban, sai ka sake buɗe sabon akawun tun kafin kiransa na farko ya shigo.