Yadda ake yawon buɗe ido daga Garwa zuwa Gaundare da tanti, a sha kiɗan fada, aljihu bai yi kuka ba

Abu biyu ne ke cinye kuɗin matafiyi a arewacin Kamaru: ɗakin kwana da shatar mota. Abin kallo da kiɗa ba su ne masu tsada ba. Kiɗan da ya fi kowane armashi a wannan yanki ma ba a sayar da tikitinsa, a ƙofar fada ake yinsa, rana tsaka, kowa na tsaye yana kallo. Saboda haka dabarar ita ce ku fara sanin ranar da za a busa algaita, sannan ku ɗora sauran tafiyar a kanta.

Mataki na farko: ku kafa ranar Juma'a

A Gaundare, idan lamiɗo zai fita sallar Juma'a, ba shi kaɗai yake fita ba. Fadawa cikin manyan riguna da rawuna, dogarai, masu kakaki da algaita da ganguna, duk suna tare da shi daga fada zuwa masallaci, su kuma rako shi ya dawo. Ku shirya yadda za ku kwana Gaundare daren Alhamis. Wanda ya tashi daga Garwa ranar Litinin ko Talata yana da sararin tsayawa wuri biyu a hanya ba tare da gaggawa ba.

Lokacin da ya dace shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙasa sun bushe, sauro ya ragu. Daga Maris zafin Garwa yakan haura digiri 40, kuma tanti a irin wannan zafi azaba ce. In tafiyar ta haɗa da 11 ga Fabrairu, ranar matasa ta ƙasa, za ku sami fareti da raye-rayen gargajiya a kowane babban gari. Hawan sallah ya fi duka, da sukuwar dawakai, sai dai a lokacin kuɗin mota yakan tashi.

Mataki na biyu: mutum huɗu ko biyar, asusu ɗaya

Mutum ɗaya ba ya yin wannan tafiya da araha. Ku haɗu huɗu ko biyar, kowa ya zuba daidai, a naɗa ma'aji mai littafi. A kasa kuɗin kashi huɗu: mota, abinci, shiga wurare da 'yan jagora, sai na makaɗa da gaisuwar masu gari. A ware wani abu daban na ko-ta-kwana wanda ba a taɓa shi sai ciwo ko lalacewar mota. Rabin kuɗin ya zauna a Orange Money ko MTN MoMo, rabi a hannu, domin akwai ƙauyukan da waya ba ta kamawa. Ku nemi canji tun daga Garwa, takardun sefa 500 da 1000 masu yawa. Mai shayi a ƙauye ba zai iya fasa muku jaka goma, wato sefa 10,000, ba.

Mataki na uku: kaya

Ba dole ba ne a sayi tanti sabo. A tambayi 'yan sikawut ko a duba wajen masu gwanjo; in ba a samu ba, tampol da igiya da gidan sauro sun wadatar a rani. Tabarma, bargo, tocila, jarkar ruwa, ƙaramin risho, tukunya ɗaya, buta, maganin zazzaɓi da gishirin zawo. Bargon nan kada ku raina shi. Gaundare tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1000, kuma sanyin asubarta a watan Janairu yakan ba mutumin Garwa mamaki. Katin ɗan ƙasa ya zauna a aljihun gaba, don shingen jandarmomi ba ɗaya ba ne a hanyar. Wanda ya tsallako daga Yola ko Mubi ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara.

Mataki na huɗu: inda za a kafa tanti

A nan ne mutane ke yin wauta. Suna ganin hotunan Turawa sun kafa tanti a tsakiyar daji su kaɗai, sai su ce su ma haka za su yi. Wannan yanki ya sha fama da 'yan zargina masu tare hanya da masu garkuwa da mutane, musamman can wajen iyakar Cadi da Afirka ta Tsakiya. Ba a kwana a inda babu mutane, ba a kuma tafiyar dare.

Abin da ake yi shi ne a isa ƙauye kafin la'asar ta yi sanyi, a tambayi gidan jauro, wato mai garin. Babba a cikinku ya shige gaba, a cire takalma, a durƙusa, a miƙa goro ko sukari da ganyen shayi. Magana ba ta da yawa: "Allah ya ba ka nasara, baƙinka ne daga Garwa, yawon ganin ƙasa muke yi. Muna roƙon wurin da za mu shimfiɗa tantinmu zuwa safe." Fulatanci ne harshen kasuwa a nan, amma da wuya a rasa mai jin Hausa a zauren jauro. Yawanci zai nuna muku gefen zaurensa ko filin makaranta, in akwai mata a cikinku kuma ya ce su shiga cikin gida wajen iyali. Kun sami makwanci, kun sami rijiya, kuma duk garin ya san ku baƙin wane ne. Da safe a share wurin, a yi sallama, a ajiye ɗan abin goro.

Mataki na biyar: hanyar kanta

Garwa zuwa Gaundare ba ta kai kilomita 300 ba, kwalta ce, motocin haya na bi kullum. Kada ku yi shata. Ku hau ta haya zuwa mararraba, ku ƙarasa da babur.

Zangon farko Lagdo ne, inda aka datse kogin Binuwai da madatsar da aka gama a 1982, wadda mutanen Najeriya suka fi sani da labarin ambaliya duk lokacin da aka saki ruwa. Tafki ne babba da duwatsu a kewaye, da tsibirin da ake kira Madagaska. Ku sauka bakin ruwa da sassafe lokacin da masunta ke dawowa, ku sayi karfasa ko giwan ruwa daga cikin kwalekwale, ku ba masu gashi su gasa muku da yaji. Kuɗin kwalekwale a yi cinikinsa na zuwa da dawowa tun kafin a shiga. Akwai dorina a ruwan, don haka wanka sai inda 'yan gari ke yi, tanti kuma nesa da gaɓa, saboda da dare take fitowa kiwo. Madatsar da gadoji da barikin soja, kada a ɗauki hoto, a bar waya a aljihu.

Gandun dajin Binuwai, wanda ya zama na ƙasa a 1968, yana kan hanya. Akwai ɓauna da gwanki da mariya da birai, ga dorina a kogi. Amma shi ne wuri mafi tsada a duk tafiyar, domin sai da mota da ɗan jagora da kuɗin shiga. In asusu bai kai ba, ku wuce abinku, ni ban ga laifi ba. In za ku shiga, ku guji baƙin kaya da shuɗi, su ƙudan tsando ke bi.

Bayan garin Mbe sai motar ta fara hawan dutse tana nishi, iska ta canja, kun hau tudun Adamawa. Ranar Asabar, bayan an gama da fada, ku hau babur zuwa tafkin Tizon da ke kusa da gari, ko mafaɗar ruwan Vina a hanyar Maiganga. Mai sauran kuɗi ya je mafaɗar ruwan Tello, inda ake shiga kogo a bayan ruwan ana kallonsa yana zubowa ta gaba. Kilishin Gaundare kuwa, shi ne guzurin dawowa.

Za a ce ina duwatsun Rumsiki da gandun dajin Waza? Suna da kyau, amma suna lardin Arewa Mai Nisa inda rikicin Boko Haram ya taɓa. Can ba wurin tanti ba ne sai hukuma ta ce hanya lafiya.

Mataki na shida: ranar kiɗan

Ku sa tufafin Juma'a, ba gajeren wandon yawo ba. Ku isa ƙofar fada tun da hantsi ku sami inuwa a gefen da ba za ku tare hanya ba. Kakaki ne ke fara sanar da fitowa. Sai ku zuba wa mai algaita ido: kumatunsa a kumbure, yana jan numfashi ta hanci yana busa ta baki a lokaci guda, sautin bai yanke ba har a yi nisa. Masu ganga na biye da shi, maroƙi na jero kirari da sunayen kakanni. Hoto sai an tambayi dogari. In maroƙi ya juyo kanku ya fara wasa baƙi, nan ne sefa 500 ɗin nan za ta yi aikinta. Ma'aji ya miƙa da hannun dama a madadin kowa, kada kowa ya shiga zaro nasa don kunya, asusu ya ƙare a tsaye.

Kafin a watse, ku matsa kusa da ɗaya daga cikin makaɗan ku gaishe shi, ku tambaye shi inda za su yi wasa da dare. Rani lokacin bukukuwa ne, kuma su suka san gidan da ake aure a unguwar Hausawa ko Sabongari, inda za a ji kalangu da goge har dare ya raba. In ya ce ku biyo shi, ku tafi da shi, ku gaida masu gida, ku zauna inda aka nuna muku. Ku kuma yi magana da mai babur ɗaya ko biyu tun da rana, a karɓi lambarsu, don bayan sha biyun dare kuɗin babur ninkawa yake yi.