Yadda Ake Sa Manhajar Android Ta Karanta Lambobin Da Ke Cikin Waya

Duk mai haɗa manhajar tura kuɗi, ko ta sayen katin waya, ko ta aika saƙo, zai so mai amfani da ita ya zaɓi lamba daga cikin wayarsa maimakon ya rubuta ta da hannu. Matakin farko shi ne ka tantance ko lamba ɗaya kake buƙata ko kuwa dukkan lambobin, domin hanyoyin biyu sun bambanta ƙwarai.

Idan lamba ɗaya ce, kamar ta wanda za a saya wa kati, ba ka buƙatar neman izini ko kaɗan. Sai ka aika Intent, wato saƙon da manhaja ke aika wa Android don neman a yi mata wani aiki, mai ɗauke da ACTION_PICK, ka sa nau'insa ya zama Phone.CONTENT_TYPE, wanda ke ƙarƙashin ContactsContract.CommonDataKinds. Wayar za ta buɗe nata jerin sunayen, mutum ya taɓa wanda yake so, sannan a dawo maka da adireshin wannan lamba kaɗai tare da izinin karanta ta na ɗan lokaci. A ganina wannan hanya ta wadatar da mafi yawan manhajoji, kuma ita ce ta fi kare mutuncin jama'a, musamman ganin yadda wasu manhajojin ba da bashi a Najeriya suka riƙa kwashe lambobin mutane suna aika wa danginsu da abokan aikinsu saƙonnin cin zarafi. A shekarar 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan masu karɓar bashi.

Idan kuwa aikin ba zai yiwu ba sai da dukkan jerin, to mataki na biyu shi ne ka rubuta READ_CONTACTS, wato izinin karanta lambobi, a cikin fayil ɗin AndroidManifest.xml, inda manhaja ke bayyana izinin da take buƙata. Wannan kaɗai bai isa ba, domin tun daga Android 6.0 da ya fito a 2015, dole ne manhaja ta nemi izinin a lokacin da take aiki. Kada ka nema da zarar an buɗe manhajar. Ka jira sai mutum ya danna maɓallin da ke buƙatar lambobin, ka bayyana masa dalili a taƙaice cikin harshen da yake ji, sannan ka nema. Daga Android 11 zuwa sama, idan ya ƙi har sau biyu wayar ba za ta sake nuna masa tambayar ba, saboda haka wajibi ne ka bar masa gurbin da zai rubuta lamba da hannunsa.

Mataki na uku shi ne karantawa, kuma a nan ya kamata a fahimci yadda Android ke ajiye bayanai. Teburori uku ne: Contacts yana wakiltar mutum ɗaya, RawContacts yana riƙe da bayanin mutumin daga kowane asusu, kamar na Google ko na WhatsApp, Data kuma shi ke ɗauke da lambobi da adireshin imel ɗaya bayan ɗaya. Don samun suna da lamba a tare, ka yi amfani da ContentResolver, wato hanyar da manhaja ke bi ta nemi bayanai daga waɗannan teburori, ka tambayi Phone.CONTENT_URI, ka nemi ginshiƙan DISPLAY_NAME da NUMBER kawai. Ka gudanar da wannan aiki a bayan fage, ba a kan babban zaren da ke zana allo ba, domin wayar ɗan kasuwa tana iya ɗauke da dubban lambobi, kuma manhajar za ta daskare kafin ta gama. Idan ka kammala, ka rufe Cursor ɗin, wato abin da ke riƙe da sakamakon tambayar.

Daga nan sai tace lambobin. Mutum ɗaya yakan fito sau biyu ko uku, domin an ajiye lambarsa da sifili a gaba, an kuma sake ajiye ta da +234, wani lokaci har da tazara a tsakiya. Laburaren libphonenumber na Google, wato shiryayyen kayan aiki da ake sakawa cikin manhaja, yana mayar da su tsari ɗaya mai suna E.164, amma sai ka faɗa masa ƙasar da zai ɗauka idan lamba ba ta da lambar ƙasa. Ka kula a nan, domin lambobin Najeriya alƙaluma 11 ne da sifilinsu, na Nijar kuwa 8 ne ƙarƙashin +227, kuma ba abin mamaki ba ne a samu duka biyun a wayar mutumin Katsina ko na Maraɗi.

Ajiye sabuwar lamba ya fi sauƙi: ka aika Intent mai ACTION_INSERT da suna da lamba a ciki, mutum ya duba ya ajiye da kansa. Gyara ko gogewa kai tsaye yana buƙatar izinin WRITE_CONTACTS, kuma kafin ka goge komai ka nuna sunan ka nemi tabbaci, domin abin da aka goge daga asusun Google zai ɓace a duk na'urorin da ke haɗe da asusun.