Yadda na gyara saɓanin mai aiki da ɗan kwangila kan ci gaban gini

Rahoton ɗan kwangila na cewa aiki ya yi nisa, mai aiki kuwa, wato wanda ya ba da kwangilar, ya zagaya fili bai ga komai ba sai harsashi. Da na duba, ashe kuɗin da aka kashe ake ƙirgawa, har da siminti da rodin da ke jibge a sito. Tun farko ba su zauna sun amince da tsarin asali ba: me za a yi, yaushe, kuma kan nawa.

Na haɗa su teburi ɗaya da injiniyan kowane sashe, don shi ya san inda gizo ke saƙa. Muka yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace da kuɗinta, ranarta da mai ɗaukar alhakinta. Wajen auna ci gaba, gajeren aiki ba ya samun maki sai an kammala. Mai ɗan tsawo, kashi 50 na makin a farawa, 50 a gamawa. Kuɗin ko-ta-kwana da aka cusa cikin gunduwoyin muka fitar, muka ware shi daban, domin yana ɓoye asara.

Duka ɓangarorin suka sa hannu, kuma ba a taɓa tsarin sai da takardar canji. Mun makara sosai: Ma'aikatar Tsaron Amurka cikin kwana 180 da ba da kwangila take yin irin wannan zama da 'yan kwangilarta.