Babi na Shida: Littafin Maganin Baba

Darasi na 1: Me ya sami Baba?

Baba ya ci tuwo, an ɗauke kwano, ya ce tun safe ba wanda ya ba shi abinci. Ya je masallacin ƙofar gida, ya kasa gane hanyar dawowa. Mu gigin tsufa muke cewa, a asibiti kuma cutar mantuwa suke ce mata. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, kada a ɗora wa maye ko kishiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da ita, kuma har yanzu ba a samo maganin da ke warkar da ita ba.

A asibiti, kamar na Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato, ki riƙe nas guda wadda ta san lamarin Baba. Ita za ta haɗa ki da likita, ta duba magunguna, ta faɗa miki ranar dawowa. Amma ita ganinsa na ɗan lokaci take yi. Ke ce kike kwana da shi, ki tashi da shi. Shi ya sa take buƙatar rubutunki.

Darasi na 2: Alama bayan haɗiya

Ki sayi littafi mai falle 40 da biro. Buɗe shafin farko. Ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa. Ƙirga, kin sami gida uku. A saman gidan hagu rubuta RANA. Hagu shi ne hannun da ba ki cin abinci da shi. A na tsakiya rubuta SAFE, a na dama DARE. Ko layin ya karkace babu komai, 'yar'uwa, nawa ma haka yake.

A gidan RANA rubuta Litinin. Yanzu ɗauko magani da ruwa. Ki ba Baba. Tsaya a gabansa. Dubi maƙogwaronsa har ya haɗiye. Ce masa, "Baba, buɗe baki in gani." Babu ƙwaya? To, yanzu ne za ki yi alama a gidan SAFE, irin wadda malami ke yi idan an ci lissafi: ✓

Mu sake. Magani, ruwa, haɗiya, sannan alama. Alama ita ce ta ƙarshe.

Ga dalili. Kin yi alama tun kafin ki ba shi, sai yaro ya ƙwalla ƙara a tsakar gida, kika ruga. Magani na nan kan tabarma, littafi kuwa ya ce an sha. Ko kuma kin ba shi, kika ce za ki rubuta in kin sauke tukunya. Facalarki ta shigo, Baba ya rantse mata ba a ba shi ba, ta duba littafi babu alama, ta ƙara masa. Idan na hawan jini ne, jiri na iya kwashe shi ya faɗi. Baba ba ƙarya ya yi ba, mantawa ya yi.

Saboda haka ɗaure biro da zare a jikin littafin, ki ajiye su kusa da magani, inda hannun Baba da na yara ba ya kaiwa. Ya haɗiye, ki yi alama nan take, kafin ki ɗaga ƙafa.

Na sha faɗin wannan a aji. Duk da haka ran Alhamis mutum uku suka kawo mini littafi an cika alama har ta Lahadi. Haba jama'a! Wa ya sha maganin Lahadi ran Alhamis? Wa kuke ruɗa, ni ko nas? Ku yage shafin ku sake. Haɗiya tukuna, sannan alama.

Darasi na 3: Bayan littafi

Juya shafin ƙarshe. Rubuta abin da kika gani da ranar da ya faru: bai yi barci ba, ya faɗi, ya ƙi abinci. Kalma biyu ta isa. Idan ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya, ko da zazzaɓi, kada ki jira ranar dawowa.

Darasi na 4: Ke ma

Faɗa wa nas idan kin gaji. A raba kwanakin kula da Baba tsakanin 'yan'uwa, a rubuta sunayen.

Aikin gida: ja layin sati mai zuwa.