Masu shirin biki ko suna a lokacin korona

Salam 'yan uwa, don Allah duk mai taro a gabansa ya duba wannan. Dokar korona da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2021, a wancan lokacin ta hana tara sama da mutum 50 a rufaffen wuri, masallaci da coci ne kawai aka ce kada su wuce rabin abin da suke ɗauka, sannan a bar tazarar mita 2 tsakanin mutane.

To shawarata ita ce ku manta da kama hol, ku fito da taron tsakar gida ko fili a kafa rumfa, don cutar nan ta fi saurin kama mutane inda iska ba ta shiga ga cunkoso ga hira da shewa. In dole sai ɗaki a buɗe tagogi duka, AC kam ba ya maye gurbin taga. A raba baƙi kashi kashi, dangin uwa da safe, na uba bayan la'asar, abinci kowa a ba shi nasa a roba maimakon haɗa hannu a faranti ɗaya. Buta da sabulu a ƙofa, takunkumi kuma ya rufe har hanci ba a haɓa ba.

Su Hajiya Kaka da masu ciwon suga ko hawan jini a lallaɓa su su zauna gida, a aika musu da nasu rabon.